Me Baba Zai Rubuta a Aljihun Rigar?

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Saura mako uku a yaye mu daga jami'a, kowa a ajinmu yana murna, ban da ni.

Digirin aikin jinya na karanta, amma Babana yana ɗauka likitanci ne. Wallahi ban taɓa buɗe baki na ce masa ni likita zan zama ba. Likitancin na nema, makina bai kai ba, aka ba ni gurbi a sashen jinya. Ranar da na kawo masa takardar, yana kan keken ɗinkinsa, na ce an ɗauke ni fannin lafiya. Kafin na ƙarasa ya miƙe, ya leƙa shagon maƙwabcinsa mai gyaran takalma, ya shaida masa 'yarsa ta zama likita. Na ga hawayen murna a idonsa. Sai na ce a raina gobe zan gyara zancen. Yau shekara biyar ke nan goben ba ta zo ba.

Yanzu duk layin shagunan Likita suke kirana. Mai shayi ma sai ya miƙo mini hannu in duba masa jijiya. Ummanmu ta rasu, da ita zan tura. Yayana ya sani, shi kuma abin dariya ya mayar da shi, wai in yi shiru in zarce digiri na biyu a jinyar, in ɗora na uku, ranar da aka kira ni Dakta sai ƙarya ta zama gaskiya. Abin haushin, Anti, har na fara lissafa shekarun. Ina son digiri na biyun da gaske, fannin kula da masu ciwo mai tsanani, malamarmu ma ta ce za ta tsaya mini. Amma ba na son in yi shi don ɓuya.

Kuma ina son aikin nan. Na wanke gyambon da 'yan'uwan mai shi suka kasa tsayawa kusa, na juya tsohuwar da ta yi wata biyu a kwance har ta tashi ba ciwon kwanciya ko ɗaya a bayanta. Ba na jin kunyar aikin. Idon Baba nake tsoro, ga shi da hawan jini, ni ce ma nake auna shi.

Ranar bikin za a kira sashenmu da sunansa, mu tashi mu yi rantsuwar ma'aikatan jinya, yana zaune da abokansa. Ya riga ya ɗinka mini farar riga, tana rataye cikin leda a bayan keken. Shi yake ɗinka mini kayan aiki tun ajin farko, na ce masa duk ɗaliban lafiya haka suke sawa. Sau biyu yanzu yana tambayata abin da zai rubuta a aljihun rigar, ni kuma ina cewa sai na yi tunani. Har na yi niyyar in ce an ɗage bikin. In faɗa masa, ko in hana shi zuwa? Ina jin kamar zan zauce.

'Yar Tela

*

'Yata, share hawayenki. Na farko, maganar an ɗage biki ki binne ta. Shirun da kika yi kina yarinya mai tsoro ana iya fahimtarsa, amma wannan ƙarya ce da za ki ƙera da hannunki, kuma za ki hana uba ranar da ya shekara biyar yana jira. Shawarar yayanki ma ki bar masa kayansa. Ki yi digiri na biyu, ki yi na uku idan Allah ya nufa, amma don marasa lafiyarki.

Ba zan ce miki ba zai ji zafi ba. Ya yi alfahari a gaban mutane, kuma mai yiwuwa abin da zai fi ci masa rai shi ne shekarun da kika bar shi a duhu. Wannan laifinki ne, ki amsa shi ba tare da kwana-kwana ba. Tsoron da kike yi wa lafiyarsa ma yana kan hanya, shi ya sa bai kamata ya fara ji daga lasifika a tsakiyar taro ba. Ki je a makon nan, lokacin da shago ba kowa, bayan ya sha maganinsa. Ki tafi da yayanki, ya ajiye barkwancin a waje. Ki ba Baba labarin tsohuwar nan da kika juya wata biyu, yadda kika ba ni.

Amma ki sake karanta wasiƙarki. Tela ne fa. Shekara biyar yana yanka miki kayan nas da almakashinsa, kina ganin bai san rigar da yake ɗinkawa ba? Ban rantse miki ya sani ba. Sai dai mutumin da ya tabbata 'yarsa likita ce ba ya tambaya sau biyu, da tuni ya rubuta abinsa ya goge rigar. Ni a ganina ƙofa ya buɗe miki, yana jira ki shigo da ƙafarki.

Kada ki bari ya yi tambaya ta uku. Ki je ki zauna a bencin shagon, ki ce masa ya rubuta Nas, ki tsaya a wurin har ya gama. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa albarka a hannunki.