Na Ɗora wa Ɓera Laifina

Daren Talata, unguwar Hindawiyya.

Wai dama soket ma yana da sama da ƙasa? Wallahi sai yau na sani.

Ɓeran nan da ya addabi Inna Sakina, matar Kawu, ta bayan soket ɗin firiza yake fitowa. Wata biyu ina cin abincinsu ban samu aiki ba, sai na ce bari ni ma in yi abin kirki. Jiya da suka fita na kashe wutar gidan, na kwance soket ɗin, na toshe ramin da siminti, na mayar. Ashe a juye na ɗaura shi. Na danna makunnin ƙasa yadda aka saba, ashe kashewa na yi.

Yau da la'asar Inna ta buɗe firiza, sambusar da za ta kai gidan biki duk ta yi tsami. Ta zauna a ƙasa tana salati.

Kawu ya ce, "Halas, shi ke nan, ɓera ne ya ci waya."

Ni kuma na ce, "Ƙwarai kuwa, Kawu."

Da dare har Inna ta ƙara min shinkafa, wai na rame. Ɓeran nan ɓarawo ne, amma bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Ina jin tarin Kawu a falo, bai kwanta ba tukuna. Bari in tashi in je in faɗa masa.