Dutsenka Ba Baƙi Ba Ne, Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba za ka karanta ba, don da boko na rubuta, kai kuwa ajami ka sani, kuma ka sha faɗa min karatun da na koya wa kaina a waya neman rigima ne kawai. To, ga shi dai.

Labarin gida ba yawa. Muna nan Tandabawi, unguwarmu ta Makka. Umma lafiya lau, sai ƙafar nan tata. Shagonka na unguwar Misfala wani ya karɓa, ya cika shi da madubai, yana aske masu umara da reza, kowane kai da sabuwa, yadda baladiyya, hukumar gari, ta ce. Yaya Halima ta haihu a asibitin Zahir, namiji. Jiya aka yi suna, sunanka ya ci. Haruna.

Maganar dutsen washinka ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da na ƙaryata ka a gaban baƙi? Kana ba su labarin da ka saba, cewa mahaifinka daga jikin dutsen Dala ya ɓamɓaro shi, ya ɗauro shi a ƙugu, ya tako da shi a ƙasa tun daga Kano har Makka. Na ce wane Dala, kai da ko filin jirgin Kano ba ka taɓa gani ba. Ka naɗe shi a tsumma ka mayar akwati. Ban ba ka haƙuri ba, kuma gaskiya a lokacin ban ga dalili ba.

Bayan rasuwarka da wata biyu na ciro shi. Ba kewa ce ta sa ni ba, so nake in san wa ke da gaskiya. Na ɗauke shi hoto na tura wa wasu mutane a intanet waɗanda ba su da aikin yi sai duwatsun washi. Duk bakinsu ya zo ɗaya: ba a gane dutse a cikin dauɗa, sai an wanke, an goge fuskarsa ta daidaita, an ga launinsa da launin ruwan da yake saki.

Kai da man zaitun kake wasa aska, haka mahaifinka. Shekara da shekaru mai yana shiga, baƙin ƙarfe yana kwanciya a kai. Kwana huɗu na jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ina canjawa. Na shimfiɗa sanfefa a kan gilashi na yi ta gurzawa.

Baba, dutsenka ba baƙi ba ne. Rawaya ne, kalar man shanu, da 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a jiki. Bayansa kuma shuɗi-shuɗi, kuma ba manna su aka yi ba, layin da ya raba su a karkace yake, haka aka haƙo shi. Da farko na so ya zama na Turkiyya, ko ba komai Turkawa sun zauna a garin nan, amma nasu mai duhu ne. Na Jamus toka-toka ne da ɗan kore. Naka in an goga masa ɗan gutsuren dutse da ruwa sai ya saki farin ruwa kamar nono, in aska ta bi ta kai ya yi toka nan da nan. Na Beljiyam ne. Wata ƙasa ce a Turai, ƙarama, sai da na neme ta a taswira. Kuma da ruwa yake aiki, ba ya bukatar mai. Ku biyu kun ƙare rayuwarku kuna shayar da shi abin da bai nema ba.

Mai yiwuwa Kaka a Sudan ya same shi a hanya, ko a Jidda. Shi ya ƙirƙiri Dala, ko kai ka ƙara? Ko tambayarsa ka yi kana ƙarami ya amsa maka don ka ƙyale shi? Ban sani ba. Na dai ci gardama. Na zauna a banɗaki da dutse a hannu, babu wanda zan nuna wa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ka san kwarmin nan na tsakiya, inda hannunka da na Kaka suka cinye? Shi na goge. Mutanen intanet ɗin sun ce sai ya tafi kafin fuska ta daidaita, ni kuma na bi. Ina kallo yana narkewa, yana bin ruwa yana shiga rariya. Sai da ya tafi duka na lura shi kaɗai ne wurin da hannunka ya bar shaida. Kabarinka ba suna, ka san yadda ake yi a nan. Halas, shi ke nan, ya tafi.

Na naɗe na ajiye. Sai haihuwar nan ta zo. Ka san ƙa'idar gidan, duk jaririn da aka haifa mana, askar da za a yi masa askin suna a kan dutsen nan ake wasa ta. Umma ta ce in ciro. Da ta buɗe tsumman ta ga rawaya, sai ta dube ni ta ce na sayar da na mijinta na kawo mata wani. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ba na asalin ba ne, gara a kai yaron shago a aske shi da reza kamar ɗan kowa, ni kuma kada in je sunan. Na rantse, na yi ta surutu, ka san bakina. Wa zai yarda da wanda ya ƙaryata ubansa a gaban mutane? Shaidana ɗaya, kai ne.

Kwana biyu ba ta min magana ba. Ranar Alhamis da hantsi na same ta a kicin da dutsen a cinya, tana bin gefensa da yatsa. Akwai ɗan ɓalli a kusurwar baya, sanfefa ba ta kai wurin ba. A nan yatsanta ya tsaya. Ashe ita ta ɓalla shi, da shi ta gane na asalin ne. Shekarar farko da aurenku, ranar layya, kana Mina kana aski, ta ɗauka a ɓoye ta wasa wuƙar nama, ya suɓuce mata. Ka dawo ka ɗora wa ƙanenka, Baffa Isa, ka yi wata guda ba ka gaishe shi ba, ita kuma ta yi gum. Shekara talatin da wani abu. Ban san ko ta so ka ji ba, amma ga shi na faɗa. Baffa Isa dai a bar shi a yadda yake.

Ta tambaye ni me ya sa ya canja launi. Na ce wanka na yi masa. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ni na wasa askar. Ban koya a hannunka ba, na ƙi, a bidiyo na koya, wurin wani Bature mai furfura. Na kwantar da ita baya da baki duk a kan dutse, ina ja a hankali, ina ɗiga ruwa har farin ya tsinke ya koma ruwa zalla. Na bi ta a kan fatar nan taka ta goge aska. Na gwada a gashin hannuna, sai da na mayar da hannun hagu kamar na jariri. Abokinka Malam Sale wanzami shi ya yi askin, don hannuna bai isa kan ɗan kwana bakwai ba. Ya taɓa bakin askar da babban yatsa, ya yi bisimilla. Yaron bai ko farka ba.

Da ya gama, ya ɗaga askar ya shaida wa mazan da ke falon cewa dutsen Dala ba ya ba da kunya, haka yake tun zamanin kakan yaron nan. Kowa ya gyaɗa kai. Taswirar Beljiyam tana cikin wayata, wayar tana aljihuna. Maganar ta zo min har leɓe, wallahi. Na ɗauki shayi na kurɓa.

Saboda haka kai kaɗai ka sani. In Haruna ya girma ya tambaya, Dala zan ce masa. In ya fito da irin bakina, ya je ya bincika da kansa.

Maganar ranar nan ta gaban baƙi, ka yafe min. Ka ga ban iya faɗarta da kyau ba ko a takarda.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ka huta lafiya.

Ɗanka mai bakin nan,
Nasiru