Gogen Kaka Cindo

Tasawa, 4 ga Maris 2023

Zuwa ga Yaya Aminatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan sai godiya.

Kin tuna gogen Turawan nan da ke cikin akwatin Kaka Cindo a Korgom? Baffa Yahaya ya kawo mani shi shago in gyara wuyansa da ya ɗage. Shekara ashirin ina kafinta, ban taɓa riƙa aiki irin wannan ba. Babu ƙusa ko ɗaya. Bayansa katako biyu ne, amma sai kin kanga shi a rana za ki ga wurin haɗin, kuma kaurinsa bai kai na ƙwarya ba. Na haska ciki da tocila, na ga takarda manne: Kiremona, 1741, da sunaye uku a ƙasa. Wani malamin lakwal, makarantar boko, ya ce gari ne a Italiya, kuma sunaye ukun da ke ƙasa na masu shi ne, uba da ɗa da jika. Daga nan zuriyar ta daina rubutawa.

Baffa ya faɗa mani abin da aka ɓoye mana. Lokacin da Kaka yake sojan Faransa a tsibirin Elba na Italiya, wani tsoho daga zuriyar ya tare ƙofar gidansa rungume da gogen. Kaka ya soke shi da wuƙar bindiga a ciki, ya zare gogen daga hannunsa. Har ya rasu bai yarda an kaɗa shi ba.

Muniru ɗan Gwaggo Hawwa ya samo dillali a Maraɗi, yana son a sayar da gogen, wai ai shi ma jika ne. Baffa ya ce ba zai sayar da abin da jini ke kansa ba. Sun rabu baram-baram.

Ƙanenki,
Sanda

Gidan kaso na Tasawa, 19 ga Maris 2023

Yaya Aminatu,

Ina gaishe ki, ina yi mana ta'aziyya. Yaya haƙuri? Gara ki ji daga bakina.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗauko Baffa a babur za mu maida gogen Korgom. Muniru da abokansa biyu suka tare mu a kwarin da ke bayan gonakin gero. Baffa ya ƙanƙame akwatin. Muniru ya ce ya saki, har sau uku, sannan ya maka mashi gora a ƙeya. Na ji ƙarar ƙashin. Gizagona yana cikin jaka. Ban san lokacin da na zaro shi ba. Muniru na miƙa hannu ga akwatin na sare shi a wuyan hannu, na ƙara. Abokan suka gudu. Na zauna cikin rairayi da kan Baffa a cinyata, Muniru na birgima gefe yana kiran sunana, ban waiwaye shi ba.

Baffa ya cika kafin amalanke ya kai mu likita. An yanke wa Muniru hannun, jandarma na gadinsa. Gogen na wurinsu, cikinsa ya tsage gida biyu.

Don Allah ki je Korgom wurin Gwaggo Hawwa. Ta rasa ƙane, ɗanta ya rasa hannu, amma jiya an kawo mani fura a ƙwaryarta. Na kasa sha, na kasa maida ta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Sanda