Inna a Allon Odinatarka

Maigida,

Motar zuwa garin Bader Goula ta cika, ni kaɗai ake jira, ba zan iya tsayawa har ka dawo daga masallaci ba.

Kar ka firgita in ka kunna odinatarka, kwamfutar nan taka. Na gaji da ganin dutsen ƙanƙarar nan na Turawa a wurin da kake buga kod ɗinka, sai na ce bari in sa hoton ranar sunan Nuriyya, wanda muke ciki mu duka. Ashe na'urar da nata ra'ayin. Ta yanke ni, ta yanke ka, ta yanke jaririyar, ta bar fuskar Innata kaɗai ta cika allon maƙil. Na danna nan, na danna can, Inna ta ƙi gusawa. Wurin buga kod ɗin ma daidai bakinta ya zauna.

Na san shekara shida ke nan ba ka yarda kun haɗa ido ba, ko a kasuwa ka hango ta sai ka sake hanya. Yi haƙuri.

Don Allah kar ka goge hoton. Tun da wayata ta faɗa rijiya, shi kaɗai ya rage mana na ranar nan. Jibi in na dawo sai mu gyara tare.

Furarka na cikin ƙwarya a rufe. Kafin ka kunna na'urar, ka sa hula, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Surukarka ce, kuma ko ƙifta ido ba ta yi.

Rahinatu