Ƙwarya Biyu a Gindin Tsamiya

Dogon Dutsi, 4 ga Maris

Zuwa ga maigidana Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Kwatano? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Na rubuto a takarda na ba Ɗantala direba saboda na san halinka: duk saƙon murya da na tura a bakin shago kake sakinsa, har abokanka sun san yadda nake tari.

Albishirinka, Rumaisa'u ta dawo da dariyarta. Ka san tun rasuwar Innata, wata huɗu ke nan, yarinyar nan ta yi shiru, har malamarsu a lakwal, makarantar boko, ta kira ni tana tambaya. Ƙaninka Nafi'u, sarkin wa'azi, shi ya kawo maganin ba da saninsa ba. Ya cika mata katin memori na waya da finafinan zane na yara daga shagonsa, ashe wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ya saje a ciki.

Labarin wata tsohuwar fatalwa ce mai fararen kaya da ke zaune a bishiyar bayan makaranta. Ba a ganinta, muryarta kawai ake ji, sai wata yarinya ta ajiye mata madara sannan take bayyana. Fatalwar banza ce, Abban Rumaisa'u! Tana ɓoye takalman malamai, tana tsoron kyankyaso. Na zauna da niyyar kashewa, na ƙare ina share hawayen dariya. Ɗiyarka ta kalla ya fi sau ashirin, ta haddace maganganun kamar karatun allo.

Sai dai kyanwar maƙwabta ta addabe ni, kullum nonon da nake saya na fura sai na tarar ya ragu. Ka gaida mai gidanku. Ka riƙa cin abinci, hoton da ka turo duk wuya ne.

Taka,
Zuwaira

Dogon Dutsi, 19 ga Maris

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka tashi lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya, kuma kai ka sani.

Tunda ka ji daga bakin Nafi'u, ka ji daga nawa. Gaskiya ne ya zagaya bayan ɗakin marigayiya ya tarar da ƙananan ƙore biyu na nono a gindin tsamiya, da farin mayafin Inna ɗaure a reshe. Ni ma na gani da idona. Duk ɗan Arewa ya san abin da nono da farin ƙyalle ke nufi a gindin tsamiya: abincin aljana doguwa ne. Kuma kowa ya san Innata ta yi bori a Dumega kafin ta tuba, ya san ana cewa iska gado ce, ɗiya ke ɗauka. Shi ke nan, an gama shari'a. Nafi'u ya ce ƙwarya biyu, iska biyu nake ciyarwa. Ya daina cin tuwona, mutumin da ke lashe mini tukunya yana tsokanata. Matan da muke zuwa islamiyya tare sun fara matsawa idan na zauna. Ranar Juma'a zai kawo masu gatari a sare tsamiyar da Inna ta saba shan inuwarta.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini shi ne kiranka na jiya. Shekara tara muna tare, ka san ni na raka Inna ta ƙona kayan borinta, amma ka ce in rantse. Da na ƙi rantsewa don takaici, ka ce in tafi wurin ƴan'uwana a Dumega har ka ga yadda za a yi. Na san ma'anar irin wannan tafiya, ba yarinya ba ce ni.

Wallahi ban ajiye ba, kuma ban san wanda ya ajiye ba. Ga rantsuwar, tunda ita kake so. Na yi fushi da kai sosai, kuma abin haushin, ina cikin fushin ina tunanin ko ka ci abinci. Na fara haɗa kayana, zan bi motar Asabar.

Matarka,
Zuwaira

Dogon Dutsi, 21 ga Maris

Abban Rumaisa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Jiya da la'asar ina ninke kaya sai na ji motsi a madafa. Na ɗauki tsintsiya don kyanwa, sai na ga ɗiyarka a kan turmi tana tsiyaya nono a ƙananan ƙore, harshe waje don kada ya zube. Na bi ta a hankali har gindin tsamiya. Ta ajiye, ta gyara zama, ta shiga ba bishiya labarin lakwal: wanda aka buga, wadda ta zubar da tawada.

Da ta gan ni ba ta ko razana ba. Ta ce Inna take jira. Tunda tsohuwar fim ɗin tana fitowa idan an ba ta madara, ita ma Inna za ta fito. Mayafin kuwa ta rataya ne don duk fatalwa farin kaya take sawa, kada Inna ta rasa abin fitowa. Hujjarta ba ta da wuya: kullum da safe ƙwaryar a bushe take. Akuyarmu na tsaye gefe tana jira mu tashi.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuka ya ƙwace mini. Ba zan ɓoye maka ba, na ɗan ɗaga kai na dubi reshen nan. Na san haramun, na san ƙarya ce ta fim, amma ni ma uwata nake so.

Na ɗora ta a cinya na faɗa mata wanda ya rasu ba ya dawowa, addu'a da sadaka ne ke isa gare shi. Mun shirya duk Juma'a ita za ta kai wa tsohuwar da ke bakin masallaci ƙwaryar nono da sunan Inna. Na aika aka kira Nafi'u, ta maimaita masa komai, har ta nuna masa fim ɗin a katin da ya ba ta da hannunsa. Ban taɓa ganin mai gemu ya rasa inda zai sa ido haka ba. Ya ba ni haƙuri, ya sallami masu gatari, ya ci tuwo malmala uku.

Saura magana ɗaya, ita ta sa na rubuto maimakon in kira. Na tambaye ta, to ƙwarya ta biyu fa? Ta dube ni kamar ban da wayo. Ta ce, "Ta Abba ce mana. Shi ma murya tai kaɗai mukan ji, ba mu ganin shi."

Shekara biyu ke nan, Abdulmajid. Tana da huɗu ka tafi. Na gaya mata kai kana raye, kai kana iya dawowa, sai ta ce to yaushe. To ga tambayar na miƙo maka.

Na kwance kayana, ba inda za ni. Maganar rantsuwa na yafe, amma sai ka zo ka nemi yafiyar da bakinka, ina so in ga fuskarka lokacin. Ƙwaryar Inna mun wanke mun ajiye ta Juma'a. Taka kuwa ta hana a taɓa, ta ce a bar ta a cike har ka zo ka sha da kanka.

Mu biyu masu jiranka,
Zuwaira da Rumaisa'u