Gwadon Inna Mai Ratsi Biyar

Ƙofar Wambai, Birnin Kano
9 ga Satumba, 1957

Zuwa ga ƙanena Isyaku, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maigidanka Alhaji Maharazu, ya sa wa fataucin goronku albarka, ya tsare ku da sharrin hanya. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, har ruwa ya kayar da katangar Gwaggo 'Yardada a Ƙofar Mazugal, amma ba wanda ya ji ciwo. Yayarka Luba ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Lauratu. Inna ce dai ba ta jin daɗi, tari ya matsa mata tun farkon ruwa. Idan ka ga rubutun a karkace ka yi haƙuri, hannuna ne na ajin yaƙi da jahilci. Ban ba mijina Malam ya rubuta mini ba, don maganar da zan yi ko shi ban so ya ji.

Isyaku, ka ci amanata, kuma ka san a kan me. Amma bari in faɗa maka abin da ka ɗauka a hammata ran nan, don na ga alama ba ka san nauyinsa ba. Kai auta ne, a cinyar Inna ka girma, har yau kana iya zama a bakin gadonta ka sa hannu a ƙwaryarta. Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni aka miƙa wa Gwaggo, kuma shekara talatin da uku ke nan ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, sai dai ta ce "ta Mazugal". In na je gaishe ta a Koki, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon bango. Ban taɓa jin haushi ba, kunya ce, haka muka tarar. Sai dai ni ma ina da zuciya, na so ko sau ɗaya in yi mata abin da zai taɓa jikinta.

Ba ni da halin atamfar Kantin Kwari, amma ina da hannu. Audugar gonar Malam na roƙa, na gurje, na shiɓe, na kama kaɗi tun sanyin bara. Wata biyar mazari bai huta ba, har ɗan yatsana ya tsage ina shafa alli a kan ciwo. Na sa Luba ta auna mini mayafin Inna a ɓoye, don ka san gajeriya ce, na kasuwa duk ja suke mata a ƙasa. Na aika zare marina aka rino mini shuɗi da baƙi, na kafa masaƙa a ɗakina na saƙa farin gwado mai ratsi biyar, kowace haihuwa ratsi ɗaya. Shuɗi uku namu ne na raye. Baƙi biyu sirara na Larai ne da Garba, waɗanda ƙyanda ta ɗauke a mako guda tun ba a haife ka ba. Nawa ratsin can gefe na sa shi, inda na saba zama.

Da jajiberin ƙaramar Salla na kira ka, tunda ba zan iya tsayawa gabanta in miƙa ba, ita ma ba za ta iya karɓa daga hannuna ba. Na bayyana maka ratsin ɗaya bayan ɗaya, na ce ka faɗa mata daga ta Mazugal ne, shi ke nan. Ka ce in kwantar da hankalina, har kana tsokanata wai na zama masaƙiyar birni. Ran Salla na same ta lulluɓe da shi duk zafin da ake yi. Ba ta ce mini komai ba, ni kuwa na ɗauka shirun kunya ne. Wallahi na koma gida kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Wata huɗu ina yawo da wannan farin ciki, ashe ni kaɗai nake shirmena.

Ran sunan Lauratu abin ya fito. Mata suka yi ta shafa gwadon suna tambayar inda aka samo, sai na ji Inna daga cikin ɗaki tana cewa autanta ne ya sa aka saƙa mata, yaron da bai ma san 'yan'uwansa da suka rasu ba amma ya tuna da su. Ina tsakar gida ina rabon waina, sai da na dafa turmi. Daga baya na ritsa Luba, ta ce ita ma ta yi zaton na bar maka ne da gangan. A gaban Luba ka shiga, Inna ta tambayi daga ina, ka yi murmushi ka fara karanta mata ratsin kamar kai ka ƙirƙiro. A lokacin ta hana ka tafiya Kumasi, ta ce ba inda za ka. A ranar ta sauko, ta dafa kanka ta sa maka albarka. Da gumina ka sayi hanyarka, Isyaku. Wani abin da ya fi ƙona ni, Luba ta ce Inna ta taɓa faɗa wa Gwaggo cewa ta Mazugal ko zaren ɗinki ba ta taɓa aiko mata ba, amma ba komai, wadda ta riƙe ta ita ce uwarta.

Za ka ce me ya hana ni magana. Da wane baki? Ko na keta kunyar, kana ƙasar mutane, tsakanin motoci da kogi, ba zan sa ran Inna ya ɓaci da kai ba. Na haɗiye, na roƙi Luba ita ma ta haɗiye. Da ma zan bar ka da Allah ne, sai shekaranjiya jikin Inna ya tsananta, muka taru a Koki. Ta kira Gwaggo, ina bakin ƙofa ina ji, ta ce: "In ta Allah ta kasance, a rufe makarata da gwadon Isyaku." Gwaggo ta ce ta daina irin wannan zance. Ni na tashi na shiga madafa, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

To ga abin da nake so. Ban ce ka tona kanka a gaban dangi ba. Ka rubuto wa Inna layi biyu, ka ba motar goro ta farko, Luba za ta sa a karanta mata su biyu kawai. Ka ce hannun ta Mazugal ne, ka nemi gafararta, na san za ta yafe maka kafin a kai ƙarshen takardar. Ba godiya nake jira ba, ba za ta iya yi mini ba. So nake ta sani tun tana ji.

Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla. Luba da mijinta suna gaisuwa, Malam ma haka. Ka miƙa mini gaisuwa wurin Alhaji Maharazu da iyalinsa. Idan takardarka ba ta zo a kan lokaci ba, ni zan shimfiɗa mata gwadon da hannuna, a kira shi naka, ba kuma wanda zai ji daga bakina har abada. Amma daga ranar kada ka ƙara ce mini Yaya.

Wassalam. Ni ce wadda har yanzu take yayarka,
Hajo.