Ɗari Huɗu da Saba'in da Huɗu

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da ɗalibanki kuna lafiya. Na rubuto ne don ɗakinmu ɗaya, in na ɗaga waya ɗana Kyaftin sai ya kasa kunne.

Sakamakon gwajin ɗan naki ya fito. Kin san yadda sharaɓarsa ta zama ƙatuwa, da yadda hawa bene ke gajiyar da shi. Likita ya ce ciwon tsoka ne, wai a ƙwayar gadon da ke sa jiki ya haɗa wani furotin an rasa haruffa ɗari huɗu da saba'in da huɗu. Ya ci gaba da bayani, amma ni daga wannan lambar kunnena ya toshe. Sai nan da mako uku za mu ga babban likita.

Akwai wata mata da muke zama benci ɗaya a asibitin, ina ce mata Mai Lema don ko ba rana ba ruwa tana riƙe da ita. Ɗanta ma ƙwayar gadon nan ce, amma shi harafi ɗaya tak ya rasa. Na ce mata, "Baiwar Allah, ɗaya fa! Ki gode wa Allah, naki mai sauƙi ne." Ta rungume ni tana kukan murna, ni kuma na haɗiye nawa.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Nata shekara bakwai, sai ya dafa gwiwa yake iya miƙewa. Nawa sha ɗaya, jiya ma ya fasa gilashin maƙwabta da ƙwallo. To ko wata rana zai zube ne gaba ɗaya? Na kulle ƙwallon a kabad, yanzu ba ya mini magana. Ke ce malamar kimiyya, ki gaya mini gaskiya: ɗana zai daina tafiya?

Taki,
Yaya

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Na karanta wasiƙarki a ɗakin malamai, sai da na fita waje na share ido.

Yaya, kin fi shekara ashirin kina saƙa, don haka da kwarashinki zan yi miki bayani. Jiki yana karanta haruffan nan uku-uku, kowane uku su ba da ƙulli ɗaya na furotin, kamar adon nan naki na suwaita da kike ƙirgawa uku-uku. Wani lokaci harafi ɗaya ne ke musanya da wani: ko a kasa ganin bambanci sam, ko ƙulli ɗaya ya sauya, ko kuma ya zama umarnin a tsaya, saƙar ta katse a tsakiya. Wani lokaci kuma ɓacewa haruffan suke yi. A nan ba yawansu ne abin dubawa ba. In abin da ya ɓace ya rabu uku-uku cif, ƙirgar ba ta gocewa, furotin zai fito gajere amma yana ɗan aiki. In bai rabu ba, duk abin da ya biyo baya ya rikice.

Ki raba lambarki gida uku ki gani. Ni ba likita ba ce, shi zai yanke magana, kuma ciwon yana nan, sai an bi shi da kulawa. Amma ki buɗe kabad ɗin nan. Ki tambayi likita irin wasan da ya dace da shi.

Ki shafa mini kan Kyaftin.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Kin sa ni lissafi da tsufana! Na raba a bayan kwalin ulu, ɗari da hamsin da takwas, babu ragowa. Ban yarda da kaina ba, na kai wa mai shagon ƙasa ya danna a na'urarsa, ya ce haka ne, har yana tambaya ko kwangilar huluna na samu.

Duk da haka kaina bai ɗauka ba. Ta yaya mai babbar asara zai fi mai ƙarama? Sai na ɗauki kwarashi na gwada. Na tsallake ƙulli tara, hannun rigar ya gajarce amma adon ya zauna daram. Na warware, na tsallake ɗaya. Auta, daga nan har ƙarshen layi ba abin da ya hau kan ɗan'uwansa. Na daɗe ina kallonsa, na rasa murna zan yi ko me.

Na lura duk tsawon wasiƙarki ba ki ambaci Mai Lema ba, ke da ba kya barin tambaya a ƙasa. Shekaranjiya ta zo har gida, ita da mijinta, sun hawo bene hawa uku da keken guragu sabo fil. Wai wani ɗan'uwansu ne ya kawo wa ɗansu, ita kuwa ko ganinsa ba ta son yi. Ta ce, "Tunda kin ce nawa mai sauƙi ne, ku kuka fi mu buƙata. Ki yi haƙuri, 'yar'uwa." Na karɓa, har godiya na yi. Kyaftin yana ta tsere da shi a baranda, yana cewa mota ya samu.

Ki gaya mini na yi kuskure a saƙar. Ɗaya yana rabuwa uku ta wata hanyar da ban sani ba?

Yayarki

Yaya,

Ina gaida ki. Ba ki yi kuskure ba, ɗaya ba ya rabuwa. Na yi shiru ne don na rasa ta inda zan fara. Bayanin ba a bakinki ya kamata ta ji ba, na likita ne. Amma kada ki bari ta shiga wurinsa ita kaɗai.

Auta

Auta,

Gaisuwa. An kira mu da wuri, mun ga babban likita jiya. Ya ce na Kyaftin mai sauƙin ne, mai yiwuwa ya daɗe yana tafiya da ƙafarsa. Na yi kuka a gabansa ban ji kunya ba.

Mai Lema kuwa ranar Alhamis ce tata, zan raka ta. Na goge keken, na naɗe shi, yana bayan ƙofa. Tun safe nake neman abin da zan ce mata ranar da zan sauko da shi, har yanzu ban samu ba.

Yaya